Mai kawuna 14 ko mai 6: wace Xeon za a ba kwastoma?

Yaro, bari in maimaita tambayarka don mu tsaya a wuri ɗaya. Kwastomomi biyu ne, ɗaya mai tace fim daga Titin Gidan Zoo, ɗayan mai zanen gini da AutoCAD. A shago muna da kwamfutocin HP Z440 tokumbo guda biyu, ɗaya da furosesa Xeon E5-2680 v4 mai kawuna 14 (wato cores, sassan furosesa da kowannensu ke yin nasa aikin), ɗayar da E5-1650 v4 mai kawuna 6. Ka ce, "Oga, tunda kuɗinsu kusan ɗaya ne, me zai hana mu nemo wa kowa mai 14?"

Mai zanen ginin ne zai hana, don kafin sati ya zagayo zai dawo mana da ita.

Duba lambobin da kyau. Ita 2680 v4 gudunta 2.4 GHz ne, in ta matsa ta kai 3.3. Ita kuwa 1650 v4 daga 3.6 take farawa, ta hau har 4.0. Duk a 2016 suka fito, ƙirar cikinsu ɗaya, saboda haka kowane kai na mai shida ya fi kowane kai na mai 14 sauri. Shi AutoCAD yawancin aikinsa a kai ɗaya yake yi, Autodesk ɗin da suka ƙirƙire shi ma ba su ɓoye ba. Mutumin zai buɗe zanen bene, ya ja layi, kwamfuta ta tsaya tana tunani. Ka leƙa Task Manager, kai ɗaya ya cika dam, sha uku suna zaman kashe wando. In buhuna za a sauke daga tirela a Dawanau, mutum 14 sun fi shida ko da shidan ƙarfafa ne. Amma hula ɗaya mutum ɗaya ne ke zama ya ɗinke ta, saurin hannunsa kawai ake nema. AutoCAD da CorelDRAW da yawancin aikin Photoshop ɗinkin hula ne. Renda, wato fitar da kammalallen hoto ko bidiyo, a Blender ko V-Ray, nan ne mai 14 take cin kasuwarta.

Mai tace fim ya fi wuyar sha'ani, shi ya sa ba na yanke masa komai sai na ji da wace kyamara ake ɗaukar masa aiki. Yawancin bidiyon yanzu H.264 ne ko H.265, matsattse, kuma kwance shi yayin da edita ke ja gaba yana ja baya aiki ne mai nauyi. Furosesar Core ta tebur galibi tana da ɗan girafik a cikinta mai wani sashe da ake kira Quick Sync, wanda ke ɗauke wannan nauyin. Xeon E5 ba ta da girafik ko kaɗan, in ba katin girafik ko hoto ba za ka gani ba. To irin waɗannan injina sau da yawa da tsohon katin Quadro suke zuwa, kamar K2000, wanda bai san H.265 ba. Sai nauyin duka ya faɗa kan furosesa, edita ya riƙa ganin hoto yana tsalle. Sa masa GTX 1650 ko 1050 Ti, katin ya karɓi kwancewa da fitar da fim, ka ga yadda fuskarsa za ta canza. Kuɗin da za ka zuba wa kawuna, fara zuba shi a kati da SSD. Kuma kafin ka yi wa mutum alkawarin babban kati, juya Z440 ɗin ka karanta takardar fawa, wato akwatin da ke ba injin wuta. Akwai mai wat 525, akwai mai 700. Mai 525 ba ta da wayar ƙarin wuta ta kati, iyakarka katin da bai wuce wat 75 ba.

Yanzu maganar shekaru, don a Beirut da Farm Centre har gobe za a nuna maka Z800 ko Z420 da farashin da zai sa ka ce ka tsinci dami a kala. X5690 da ke cikin Z800 ta 2011 ce, ba ta da AVX, wasu umarnin furosesa da sababbin manhajoji ke nema. E5 ta farko da v2, waɗanda ke cikin Z420 da Z620, suna da AVX amma ba su da AVX2, wannan sai daga v3 ta 2014 ya fara. Manhajar tace fim ta Premiere Pro daga siga ta 24 zuwa sama AVX2 take nema, in babu ba za ta hau ba. Ni a wurina edita v3 ce ƙasan tsaninsa. Wanda zai ajiye fayil ko ya yi aikin ofis, ka iya ba shi Z420 da zuciya ɗaya.

Kada sunan soket, wato gurbin da furosesa ke zama a kan bod, ya ruɗe ka. LGA2011 na v1 da v2 ne da ram DDR3, LGA2011-3 na v3 da v4 ne da DDR4, ba sa shiga gidan juna. Ko a Z420, ba kowane bod ke karɓar v2 ba. Shiga BIOS ka duba Boot Block Date, in 2011 ka gani ka haƙura, sai mai 2013. A wajen Dell, T3600 a v1 ta tsaya, T3610 ce mai v2, T5810 kuma ita ce sa'ar Z440. Z440 da kanta, in za ka ɗaga ta daga v3 zuwa v4, sabunta BIOS tun tsohuwar furosesar na ciki. Ram ɗin kuma a sa shi huɗu-huɗu, don hanyoyi huɗu furosesar take ɗiba da su. Guda huɗu masu 8GB sun fi guda ɗaya mai 32GB.

Ka tambayi kanka me ya sa mai 14 take araha. Ranar da 2680 v4 ta fito, Intel ta yi mata kuɗi sama da dala 1,700. Kamfanonin da ke da ɗakunan saba suka saye ta da dubbai, da suka sabunta injinansu suka zubo ta kasuwa gaba ɗaya, farashi ya karye. Lafiyarta lau. Sai dai an ƙera ta ne don ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa, mu kuma a Kano muke.

Mai 14 wat 120 aka rubuta mata, mai shida 140. Z840 mai ɗauke da mai 14 guda biyu, 240 ke nan tun ba a lissafa kati da allo ba. Core i7-8700 kuwa 65. A Afrilun 2024 aka kai wa 'yan Band A kowane yunit naira 225. Ɗauka bambancin injina biyu wat 100 ne, awa 10 a rana, kwana 26: yunit 26 ke nan, naira 5,850 a wata a wancan farashin. Wannan mai sauƙi ne. Mai sola shi ne abin tausayi. Batirin 12V mai 200Ah, in na ruwa ne kuma ana so ya yi ƙarko, rabinsa ake ci, kimanin 1,200Wh. Injin da ke jan wat 300 bai kai awa huɗu ba zai shanye shi. Kwastoma ba zai tuna ya gaya maka yana kan inbata ba, kai za ka tambaya.

Ga kuma Windows. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma babu E5 ko ɗaya a jerin furosesocin da Windows 11 ta amince da su. Mun san yadda ake tsallake shingen, amma a gaya wa mai kaya gaskiya kafin ya biya. Shi ya sa mai zanen ginin nan, in da ɗan sarari a aljihunsa, zan nuna masa OptiPlex ko EliteDesk mai i7-8700 tukuna. Kawuna shida ce ita ma, tana hawa 4.6 GHz, Windows 11 na karɓarta, ga ƙarancin shan wuta. Matsalarta ƙaramin gida da ƙaramar fawa, babban kati ba ya zama. In ya nace sai Z440, ba shi mai 1650 v4. Editan kuma, in yawan aikinsa dogayen shirye-shirye ne da renda mai nauyi, ya ɗauki mai 14 da GTX 1650.

Kafin kowacce ta bar shago, fitar da ita waje ka bi ta da bulowa, ka riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Goge tsohon man furosesa ka sa sabo, don wanda ke kai ya kusa shekara goma, kuma zafin Afrilu da ƙurar hunturu ba sa raga wa inji. Sannan ka kunna manhajar gwajin furosesa Cinebench R23 na minti goma, HWiNFO a buɗe kana kallon zafi da gudu. Rubuta makin kai ɗaya da na duka kawuna a takarda ka kawo mini, ka kuma dubo mini wace ce mai fawa 700 a cikinsu.