Amsar tambayar ilektron da ya fi furoton gudu

Assalamu alaikum jama'ar guruf. Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya, ina hanyar Jega ne, sabis ya ƙi. Ka ce malaminku ya ce in furoton (ƙwayar da ake samu a tsakiyar atam) ya daki atam, wato ƙwayar zarra, akwai ilektron (ƙaramar ƙwayar da ke zagaye atam ɗin) da ke fita da gudu ninki biyu na furoton ɗin, kai kuma abin bai zauna maka ba. To saurara.

Ɗauki tirela ta taso daga Birnin Kebbi a guje, yara sun bar ƙwallo tsakiyar titi. Shi direba, a idonsa ƙwallon ne ya taho masa da gudun motar, ya bugi gabanta, ya koma da wannan gudun. Kai da ke tsaye bakin titi, sai ka haɗa da gudun tirelar kanta. Ka ga ninki biyu ke nan. Abin da ya sa lissafin ya fita shi ne nauyi: furoton shi ne tirelar, ilektron shi ne ƙwallon; furoton ya fi ilektron nauyi sau 1836, ko gezau ba ya yi. In furoton ɗin na ɗauke da ilektron-bolt (ma'aunin kuzarin irin waɗannan ƙwayoyi) miliyan 1, ilektron ɗin da ya daka gaba da gaba zai fita da kusan ilektron-bolt 2180: ka raba miliyan 1 da 1836, ka ninka sau huɗu, don gudu ninki biyu kuzari ninki huɗu yake bayarwa.

Akwai wani kashin da ya fi burge ni. Shi ba dukansa aka yi ba, fizgo shi furoton ya yi, ya kasa riƙe shi, sai suka jera da gudu ɗaya, kamar ɗan kabu-kabu da ya manne gefen babbar mota. Wannan kusan ilektron-bolt 545 zai nuna. Masu bincike Crooks da Rudd ne suka auna irin wannan ilektron a Nebraska ta Amurka, 1970.

Amma don Allah kar waɗannan su ɗauke maka hankali, 'yan tsiraru ne. Mafi yawa furoton daga nesa yake giftawa, ya ɗan girgiza atam ɗin, ilektron ya sulale a hankali, da ilektron-bolt 'yan gomomi ko ƙasa da haka. Iskar hiliyam ma ilektron-bolt 24.6 kawai take buƙata ta saki ilektron ɗinta na farko. Kuma waɗannan marasa gudun su ke da babban hannu wajen tsinka DNA lokacin da ake ƙona ciwon daji da furoton a asibiti, shi ya sa masu bincike suka dage da ƙirga su.

Yanzu ka gwada min da furoton mai ilektron-bolt dubu 500, ka turo abin da ka samu.