Intakula mai ruwa ko mai iska, wanne ya fi dacewa da zafinmu?

Tambaya: Salam oga. Ina da Hilux mai gas 3.0, irin mai hanci a saman bonet ɗin nan. Da safe tana ja kamar me, amma da rana ta take sai na ji ta yi nauyi, musamman in na fito daga go-silo. Wani abokina ya ce intakula ɗin ce, wai na cire na sa mai ruwa irin ta Marsandi. Na canja ko kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Abokinka ya gano inda ciwon yake, maganin ne ban yarda da shi ba.

Turbo dai matse iska yake yi ya cusa wa injin, ita kuwa iska in aka matse ta zafi take ɗauka, tana iya haura digiri 130 in ka taka totur sosai. Iska mai zafi ta buɗe, iskar da mai ke buƙata ya ƙone ba ta da yawa a cikinta, to sai ƙwaƙwalwar motar ta ga haka ta rage mai, in kuma mai fetur ce ta ja lokacin tartsatsin filogi baya don kar injin ya fara ƙwanƙwasa. Nauyin da kake ji kenan. Aikin intakula ta sanyaya iskar nan kafin ta shiga.

Mai iska ba ta da wani surkulle, ƙarfen alminiyam ne mai haƙarƙari kamar lagireto, iskar turbo na bi ta ciki, iskar waje na bugun ta ta waje. Ba famfo ba waya ba ruwa. Matsalar taka ita ce wurin da Toyota suka ɗora ta, a saman injin, shi ya sa aka yi wa bonet hancin nan, haka ma Subaru WRX take. Muddin kana gudu iska na shiga hancin komai lafiya, amma ka tsaya minti goma a cunkoso a watan Afrilu ana digiri 40 da wani abu, zafin injin duk sama yake tashi ya gasa ta, in ka buɗe bonet a lokacin ba za ka iya ɗora hannu a kanta ba. Kana tashi kuwa sai ta zama ita ke ƙara wa iskar zafi, sai ka yi 'yar tafiya kafin ta huce.

Mai ruwa kuma tsari ne guda: akwatin da iskar ke ratsawa, ƙaramin lagiretonta daban a gaba, famfon lantarki, da tiyo-tiyo. Ruwa na shanye zafi kusan ninki 4 na iska in nauyinsu ɗaya, don haka 'yar ƙarama ma ta isa, ana iya manna ta jikin injin, hanyar iska ta gajarce, kana taɓa totur mota ta amsa. Volkswagen sun saka ta cikin manifol, wato bututun da ke raba wa silindoji iska, a injin 1.4 TSI, BMW ma haka suka yi a injinsu B58. A go-silo gaskiya mai ruwa ta fi, tunda famfo na ta juya ruwan ko mota na tsaye.

Amma ga abin da masu zuga ba sa faɗa. Zafin da ruwan ya kwasa ina zai kai shi? Lagireton gaba, wanda shi ma iskar garin nan ce dai ke sanyaya shi. In Kano na 42, ba mai ruwa ba mai iska da za ta sauko maka ƙasa da 42, sai dai 'yan tseren da ke zuba ƙanƙara a tanki don gudun daƙiƙa goma. Kuma a doguwar tafiya da kaya, ka ce Kano zuwa Maiduguri, in ruwan ya ɗau zafi yana daɗewa bai sauka ba. Sannan famfon in ya mutu shiru yake mutuwa, sai dai ka ji mota ta yi nauyi kana ta canja filta. Mafi muni, mu nan an saba ɗura ruwan rijiya ko fiya wata a maimakon kulan, wato ruwan sanyaya inji da ke hana tsatsa, gishirin ruwan ya ci alminiyam ta ciki, ranar da ta huje ruwa cikin silinda zai wuce, in ya yi yawa ya lanƙwasa kon rod, wato sandar fistin, an tafi sauke inji.

Don haka wanda motarsa ta zo da mai ruwa daga kamfani ya riƙe abarsa, ya sa kulan na gaske, ya riƙa duba ko famfon na aiki. Kai kuwa kar ka jawo wa kanka haɗe-haɗen gareji a motar da aka santa da rashin laulayi.

Fara da mai arha. A ciro intakular a wanke haƙarƙarinta, ƙurar hunturu da baƙin mai kan toshe su su zama kamar laka, a miƙe waɗanda suka lotse. A leƙa ciki, ɗan danshin mai ba komai ba ne, amma in ya taru har yana zuba to turbo ɗin ne ko hanyar numfashin injin. A duba robar da ke ƙarƙashin hancin bonet, wadda ke matse iska ta bi ta intakula, sau da yawa ta yage ko wani bakanike ya cire ya yar, iska sai ta zille ta gefe. A matsa kilif ɗin tiyo, in kana jin fito "fiii" lokacin da ka taka to iska na tsiyaya. In duk an yi wannan ba ta gamsar da kai ba, a sa mata ƙaramar fanka a ƙasa, ko a mayar da ita gaban lagireto kamar yadda Toyota da kansu suka yi a Hilux ɗin da ta fito a 2015, sai dai a sa mata raga saboda tsakuwa.