Yadda za ki koyar da Ruwan Bagaja a aji biyar

Malama, kin ce yara sittin gare ki a aji biyar, kwafin Ruwan Bagaja uku kacal, kuma da an fara karatu sai surutu ya kaure. Ƙarancin littafin ba zai hana ki ba, domin Abubakar Imam ya rubuta shi ne cikin salon mai ba da labari da baki, tun fitowarsa a 1934.

Ki fara karanta musu da kanki, shafi ɗaya ko biyu, kamar minti goma. Ki bambanta muryar Alhaji Imam, tauraron labarin, da ta abokin hamayyarsa Malam Zurƙe, sannan ki tsaya daidai inda labarin ya ɗauki zafi, ki tambaye su me suke zaton zai faru. Kafin karatun ki rubuta kalmomi biyar masu wuya a allo, kada su wuce haka. Washegari yara biyu su fito su kwaikwayi abin da suka ji, saura su rubuta jimla uku.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sa yara karatu ɗaya bayan ɗaya tun ba su ji labarin ba. Mai rauni ya yi ta in'ina, saura su gundura. Kuma ki riga su karanta kowane babi, don akwai wuraren yaudara da ramuwar gayya da ya kamata ki tattauna da su: wa aka cuta, me ya jawo?

Yaron da har zangon karatu ya ƙare bai iya haɗa baƙi da wasali ba, ki sanar da hedimasta da iyayensa, a kai shi asibiti a duba idonsa da kunnensa.