Zan iya shiga gasar disc golf da hijabi da dogon wando?

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Tampere, ƙasar Finland. Na fara buga disc golf, wasan nan da ake jefa faifan roba cikin kwando mai sarƙoƙi, kuma ina son shiga gasa. An ce akwai dokar sutura. Hijabina da dogon wando za su hana ni?

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Dokar ƙungiyar PDGA, wadda aka kafa a 1976 kuma take kula da gasannin wasan, ta fi damuwa da mai rage sutura. A kowace gasa da ta amince da ita, dole ɗan wasa ya sa riga, ya sa takalmi. Ba a buga wasa ƙafa ba takalmi, amma ko silifa ce an yarda. Hijabi da dogon wando ba su saɓa wa wannan ba.

Inda ake tsanantawa shi ne manyan gasanni, irin European Open da aka sha yi a garin Nokia, kusa da ku. A can ana son riga mai kwala ko rigar wasanni mai ɗinki tsaf. Singileti ba ta shiga, haka tufa mai yagewa ko mai rubutun batsa. Yara kuma ba su sa mai tallan giya ko taba. Wanda ya saɓa, gargaɗi ake fara yi masa. In ya maimaita sai a ƙara masa jifa ɗaya a lissafi, kuma a wasan da mai ƙarancin jifa ke cin nasara, wannan asara ce. Ƙaramar gasar unguwa da za ki fara da ita ba ta kai nan ba, amma ki duba sanarwar mai shirya gasar kafin ranar.

Ni abin da na fi jiye miki shi ne ɗinkin hijabin. A jifan bayan hannu, faifan yana bi ta gaban ƙirji ne da gudu, dab da jiki. Zurmemen hijabi har gwiwa zai harɗe miki hannu ko ya taɓa faifan, sai ki ga ya karkace ya faɗa cikin itatuwa. Ki nemi gajeren hijabin wasanni wanda ake cusa bakinsa cikin riga, ba mai allura ba, ki ɗora doguwar riga mara nauyi da ta sauko kan cinya.

Silifar nan kuwa, duk da an halatta ta, ki bar ta a gida. Za ki yi awa uku kina zagaya kwanduna 18 cikin daji, kina juyawa a kan dunduniya in za ki yi jifa mai nisa, don haka takalmi rufaffe mai riƙe ƙasa kike buƙata. Dogon wandon ma riba ne, domin dazukan Finland akwai kaska a lokacin zafi. Ki cusa ƙafarsa cikin safa.