Kwana huɗu a Munich: tikitin Bayern, gidajen giya da yawon gari

Tambaya: Mu huɗu ne, abokai tun makaranta, muna son mu je Munich ta ƙasar Jamus mu kalli Bayern a gidanta. Wanne za mu fara saya, tikitin jirgi ko na wasa?

Amsa: Na wasa, Malam, domin shi ne mai wuyar samu. Jadawalin Bundesliga da ke fitowa kafin a fara kaka makon wasa kawai yake nunawa. Hukumar gasar, DFL, ba ta tsayar da ko Juma'a ne, ko Asabar, ko Lahadi sai lokaci ya matso. Wanda ya yanki tikitin komawa na safiyar Lahadi, aka kuma kai wasan yammacin ranar, a waya zai ga sakamako. Saboda haka ku sauka Alhamis, ku tashi Litinin, duk ranar da aka sa kuna gari. Ku tuna kuma gasar tana hutun sanyi daga ƙarshen Disamba zuwa cikin Janairu.

Allianz Arena, filin Bayern, tana ɗaukar mutum kusan 75,000, amma da wuya a buga wasan da ba ta cika ba, kuma mambobin kulob ake fara ba tikiti. Ku buɗe asusu a shafin kulob ɗin, ku riƙa leƙa sashen da waɗanda ba za su samu zuwa ba ke mayar da tikitinsu don a sayar, amma ku fara tabbatar ko sai mamba ne ke iya saye a can. Kujeru huɗu a jere ba kasafai suke fitowa ba, in kun samu biyu-biyu ku karɓa. Ku cire rai da wasan Dortmund ko na Zakarun Turai, ku nemi ranar da ƙaramar ƙungiya za ta zo. Shafukan 'yan bunburutu kuwa ku guje su: farashi ninki, kuma kulob na da ikon soke tikitin da aka saya ta bayan fage, sai a ƙofa ku gane. In Bayern ta gagara, Augsburg ma a Bundesliga take, tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a jirgin ƙasa.

In fasfon Najeriya ko Nijar ne a hannunku, bizar Schengen ta riga komai. Kuɗinta yuro 90 tun 2024, ana neman inshorar lafiya ta yuro 30,000, kuma ana iya shigar da takardu tun saura wata shida. Ku kama otal ɗin da za a iya sokewa ba tare da asara ba.

Ranar wasa ku hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin U6 daga Marienplatz, dandalin tsakiyar gari, zuwa tashar Fröttmaning, sannan ku taka kamar minti goma sha biyar. Ku fita saura awa biyu, jiragen suna cika maƙil. Jakar da ta fi takardar A4 girma ba ta shiga, kuma a ciki da kati ake biya.

Tambaya: Biyu a cikinmu suna shan giya, ni da ɗayan ba ma sha. Sun dage sai mun shiga Hofbräuhaus, shahararren gidan giyar nan na Munich. Me za mu sha, me za mu ci?

Amsa: Babu mai tilasta muku giya, amma sunayen abin sha na ruɗar baƙo. Radler kamar lemo yake a baki, alhali rabinsa giya ne. Wadda aka rubuta wa alkoholfrei ma doka ta yarda a samu barasa har kashi 0.5 cikin ɗari a cikinta, don haka mai son tsira da addininsa ya bar layin gaba ɗaya. Ku nemi Spezi, wato kola da lemon zaƙi a gauraye, ko Apfelschorle, ruwan tuffa da ruwa mai gas.

Abinci ya fi abin sha haɗari. Schweinshaxe ƙafar alade ce, Weisswurst da Leberkäse ma akwai alade a ciki. Har Obatzda, cukun nan da ake dangwala da burodin Brezn, galibi ana ɗan zuba masa giya wajen kwaɓawa. Gasasshen kifin da ake soke wa tsinke, Steckerlfisch, shi ne mafita. Abincin halal kuwa ga shi jibge a shagunan Turkawa da Larabawa na titunan Goethestraße da Landwehrstraße, kusa da babbar tashar jirgin ƙasa. A lambunan giya na gargajiya an yarda mutum ya shigo da abincinsa, muddin ya zauna a ɓangaren ɗauki-da-kanka ya sayi abin sha a wurin. Mu a ganinmu lambun da ke gindin hasumiyar Chinesischer Turm a filin shaƙatawa na Englischer Garten ya fi Hofbräuhaus dacewa da ku: fili ne a buɗe, iyalai da yara na zuwa, hayaniya da sauƙi.

Abokanku su san cewa kofin da ake kira Maß lita guda yake ci, giyar tana da barasa wajen kashi 5, ta bikin giya na Oktoberfest kuma wajen 6. Kofi biyu kafin wasa ya isa masu gadin fili su mayar da mutum. Shi kansa Oktoberfest, daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba, in ba shi ya kawo ku ba ku kauce masa, kuɗin otal na yin tashin gwauron zabo.

Tambaya: Sauran kwanakin fa, ina za mu zaga?

Amsa: Tsakiyar gari wuni ɗaya ya ishe shi a ƙafa. Ku tsaya Marienplatz da ƙarfe 11 ko 12 ku ga mutum-mutumin agogon majalisar gari suna juyawa, ku hau hasumiyar cocin Alter Peter, matakala kusan 300, ku gangaro kasuwar Viktualienmarkt. Lahadi kasuwar da shaguna a rufe suke, tsaraba sai Juma'a ko Asabar. Amma ranar Lahadin ce ake shiga gidan zane-zane na Alte Pinakothek da yuro ɗaya. BMW Welt, wurin baje kolin motocin BMW, kyauta ne, ga filin Olympics na 1972 a gefensa. Masu sallar Juma'a, akwai babban masallaci a Freimann, ɓangaren da filin Bayern yake.

Fadar Neuschwanstein ku bar ta sai wani zuwan. Awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, ga tikiti mai ƙayyadadden lokaci, wuni ya tafi. Sansanin Dachau, inda 'yan Nazi suka tsare mutane, ya fi kusa: jirgin ƙasa na layin S2, sai bas 726, shiga kyauta.

Tunda ku huɗu ne, ku sayi tikitin wuni na rukuni, Gruppen-Tageskarte, wanda ke ɗaukar manya har biyar, ku duba ya haɗa da yankin da za ku, don filin jirgi da Dachau suna wajen yankin tsakiya. In na takarda ne da ba a buga wa kwanan wata ba, ku cusa shi a na'urar hatimi kafin ku hau. Tashoshin ba su da shinge, amma masu bincike na shiga cikin kayan gida, tarar kuma yuro 60 ce kan kowane mutum.