Bakin wayar sifika yana yin kore, mene ne mafita?

Tambaya: Salam oga. Ina zaune a Agege, na haɗa wayoyin sifikuna da kaina, yanzu bakin wayar ya yi baƙi wani wajen har kore, sauti kuma sai ya riƙa ƙarar-ƙarar yana ɗaukewa. Dan Allah ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan tsatsar jan ƙarfe ce, kuma a Legas dole ka yi fama da ita saboda laima ga iskar teku mai gishiri, musamman da damina. Baƙin nan iska ce ta ci shi, koren kuma danshi da gishiri ne. In a tsakiyar waya take ba wata damuwa sosai, matsalar tana bakin nan inda waya ta haɗu da sifika ko amfilifaya, nan ne take hana wuta wucewa.

Kar ka ɓata lokaci wajen kankarewa, yanke bakin kawai ka feɗe har ka iske inda yake sheƙi. Kuma kar ka murza da yatsa tsirara, gumin hannu ma gishiri ne. Masu cewa a jiƙa a ruwan tsami da gishiri ni ban yarda ba, ruwan yana shigewa cikin silillan ya ci gaba da ci daga ciki.

Abin da ya fi shi ne ka hana iska shiga gaba ɗaya. Sa fulogin banana, wato ɗan ƙarfen da ake sa wa bakin waya a cusa a ramin sifika ko amfilifaya, ka matse shi da kyau ko ka liƙe da dalma irin ta masu gyaran rediyo mai ƙaro a ciki, ba mai asid ta masu aikin famfo ba, waccan ita da kanta take cin waya. Sannan ka rufe da robar nan da take tsukewa in ta ji zafi, mai gam a ciki ta fi, don salatif bayan ɗan lokaci saki yake yi. Amma kar ka shafe bakin waya da dalma ka ɗaure da sukuru, dalma tana lotsawa a hankali sai ɗaurin ya yi sako-sako. In tsirara za ka ɗaure to ka ɗaure tam ka shafa giris na silikon kaɗan a kai, in babu ko basilin ya yi.

In ka je kasuwar Alaba sayen waya ka kankari sili ɗaya da reza, in ka ga fari a ciki alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, ta fi saurin lalacewa, ajiye musu kayansu. Wadda aka yi wa rufin kuza irin ta jiragen ruwa ita ta fi jure iskar nan, kar ka ruɗe su don ita farin a waje yake, cikin ja.