Gyaran gangunan jaz na hannu: daga ina ake farawa?

Ka tambaye ni: "Maigida, wannan saitin Pearl Export da aka kawo, mai ganga biyar, duk ya yi tsatsa kuma rigarsa, wato robar da aka lulluɓe icen da ita, ta koɗe. In fara ɓare rigar in goge ƙarafan, ko in sayo sababbin fatu?"

Ko ɗaya kada ka fara da shi, ɗana. Ƙyalli ba ya ba da sauti. Sautin yana ga icen gangar da bakinta, inda fata ke zama, kuma sai ka tabbatar da lafiyarsu kafin ka kashe ko kwabo.

Kwance komai tukuna. Notunan kowace ganga ka zuba su a gwangwaninsu daban, don na babbar ganga ta ƙafa mai inci 22 sun fi na ƙananan tsawo. Sai ka ɗauki tef ka auna faɗin gangar daga gidan noti, wato ƙarfen da ke jikin gangar inda noti ke shiga, zuwa wanda ke fuskantarsa, ka zagaya haka. In bambancin ya wuce milimita 3, gangar ta karkace, ko wace irin fata ka sa mata ba za ta ɗauru daidai ba. Galibi hakan na zuwa ne daga jibga kaya a kanta, ko barin ta ba fata ba kawanya, wato zoben ƙarfen da ke danne fatar, a ɗaki mai laima.

Daga nan ka kifa ta a kan gilashi mai kauri, ka kunna tocila a ciki, ka duba ta waje. Duk inda haske ya ɓullo, bakin ya lotsa a wurin. Fata ba za ta taɓa ice a nan ba, shi ya sa za ka ga tana tattarewa a gefe guda komai ɗaurinka, sautin kuma ya riƙa rawa. In lotsawar kaɗan ce, liƙa samfefa mai lamba 120 a kan gilashin, ka riƙe gangar da hannu biyu kana juya ta a hankali. Ka fara zana fensir a bakin duka, da zanen ya goge ko'ina ka tsaya. Ka bi da lamba 220 da hannu, kana bin gangaren bakin yadda aka yanka shi, sannan ka shafa ɗan kakin kyandir.

Amma ka kiyaye da ganga mai tsarkiya, wato mai inci 14. A bakinta na ƙasa akwai kwari biyu masu fuskantar juna. Ba lalacewa ba ce, da gangan aka yi su don wayoyin tsarkiya su kwanta a jikin fata. Yara da yawa sukan ga haske a nan su goge wurin ya daidaita, daga ranar kuwa gangar ba ta daina zuza.

Icen falle-falle ne aka manne, kuma laimar damina da bushewar hunturu suna buɗe shi. In ka ga falle ya ɗaga, tura farin gam na kafintoci da sirinji, ka matse da ɗan katako ciki da waje, ka bar shi awa 24. Rigar kuwa, in ba ta tsage ba, ka bar ta. Ruwan sabulu da tsumma mai laushi sun isa. Ɓare ta yakan taho da fallen ice na sama, aikin yini ɗaya ya koma na mako.

Notuna ka jiƙa su a kananzir su kwana, ka goge da buroshin waya, ka ɗiga giris kaɗan a zaren. Wanda ya lanƙwashe ka jefar. Kawanya da sandunan tsayawa ka jiƙa takardar alminiyam da ruwa ka murza, tsatsar sama za ta fita. Samfefa ba ta zuwa nan, cinye farin take yi. Gidajen notin kuma ƙarfen zubi ne mai gautsi, in ka matsa da ƙarfi sai ya tsinke. Cusa ɗan auduga a cikin kowanne don sifirin da ke ciki ya daina ƙara. Kawanyar ma ka ɗora ta a gilashin, in tana rawa a sake ta.

Sai yanzu maganar fata. Ta sama mai falle ɗaya, irin Remo Ambassador, tana buɗe sauti. Mai falle biyu, irin Emperor, ta fi jure duka, ita ta dace da coci da gidan biki. Ta ƙasan mai tsarkiya siririya ce ta musamman, kada ka sa mata ta sama. Wajen ɗauri, fara da yatsu har notin ya tsaya, sannan makulli rabin juyi, kana tsallakawa zuwa notin da ke fuskantarsa. Danna tsakiya da tafin hannu fatar ta zauna, ka ƙwanƙwasa kusa da kowane noti har muryoyin su zo ɗaya.

Farantan tagulla da ake bugawa tare da gangunan kuwa, ka duba ramin tsakiyarsu. In ya zama kamar ramin makulli, robar sandar da ke riƙe farantin ce ta cinye, sa sabuwa da soso sama da ƙasa. Wanda ya fara tsagewa a gefe, huda ƙaramin rami daidai ƙarshen tsagar don ta tsaya, kuma ka gaya wa mai kayan cewa jinkiri ne kawai, ya fara tanadin wani.